An Wanke wa Gizo Hannu

Wata Laraba da hantsi, cikin hunturu, aka aike ni wata lakwal da ke bayan gari a nan Damagaram in ɗauko sautin wani mai gatana da aka gayyato ya yi wa yara wasa. Lakwal ita ce makarantar boko a bakinmu na Nijar, gatana kuwa ita ce tatsuniya. Na faɗa ne saboda ƴan uwa na Kano da Zariya, kada su ce na zo musu da wani yare. Na tarar an fito da yara an zaunar da su a ƙasa gindin dogon yaro, malamai na tsaye a bayansu, kowa da ƴar tsumagiyarsa. An rataya wani ƙyalle mai hoton hannaye biyu da kumfa a jikin bango. Ban kula da ƙyallen ba sai daga baya.

Mutumin ya ba arba'in baya, yana sanye da riga saƙi, gurmi a hannunsa. Tun daga buɗe bakinsa na san ba da wasa ya zo ba. Na fi shekara goma ina magana a rediyo, na san wahalar riƙe kunnen mutum guda na minti biyar, balle kunnen yaran da sanyi ke kaɗawa kuma ba su karya kumallo ba. Shi kuwa da ya ce "ga ta nan, ga ta nanku", bai ɗaga murya ba, sassauta ta ya yi, har sai da na baya suka miƙo wuya. Ya iya tsamin bakin Gizo yadda ban taɓa jin namiji ya iya ba. In ya koma hankaka sai ya karkata kai gefe guda, ya yi tsalle ɗaya, ka rantse farin ƙirjin nan kake gani. Ya san inda ake tsayawa a bar dariya ta gama zagayawa kafin a ci gaba, kuma wannan ba abu ne da ake koyo a wata guda ba. Ina faɗin haka tun da wuri don kada a ɗauka cewa da gatari na zo. Gwani ne, kuma da ba gwani ba ne da ban ɓata tawada a kansa ba.

Gatanar Gizo da hankaki ya ɗauko. Ana yunwa a gari, hankaki suna tashi su tafi wani ɓaure da ke tsakiyar ruwa su ci su ƙoshi su kawo guzuri. Gizo ya gano, ya yi ta zarya gidansu da sunan ɗiban wuta, har suka gaji suka ce in asuba ta yi za su tafi da shi. Gizo ina haƙurin jiran asuba? Tsakar dare ya tayar da su, suka kore shi, ya sake dawowa. Da gari ya waye kowace ta fige gashi guda ta ba shi, aka liƙa masa, aka tashi. Da aka sauka kan ɓauren sai halin ya motsa: duk ɗan da wata ta kai baki sai ya ce shi ya riga ganinsa. Suka bar shi ya yi barci, kowace ta zare gashinta, suka yi gaba.

Har nan yara suna tare da shi, wasu ma suna riga shi faɗa. Daga nan ne hanya ta karkace. Gizo ya farka, in ji shi, cikinsa na murɗa, saboda ya ci ɓaure bai wanke hannu ba. Amai da gudawa suka kama shi. Wani mai jirgi ya tsince shi ya kai shi likita, aka yi masa ƙarin ruwa, aka nuna masa yadda ake cuɗa tafi da bayan hannu da tsakanin yatsu. Gizo ya yi nadama, ya tara namun daji ya yi musu wa'azin sabulu. Aka sa yara suka maimaita sau uku.

Ana cikin maimaitawar ne wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba, tana daga gaba kusa da inda na ajiye na'urata, ta ce da ƙarfi, "Ba haka take ba! Ai ruwa ya faɗa. Ina kadojin?" Mushe, wato malamin ajinsu, ya daka mata tsawa ya ɗaga tsumagiya. Mai gatana ya dube ta, ya yi ɗan murmushi, ya kaɗa gurminsa, ya ci gaba da sabulu.

Yarinyar ta yi gaskiya. Yadda kakata take yin ta, kuma yadda na ji ta a bakin mutane da dama da ɗan bambanci, Gizo tsalle ya yi yana zaton gashin na nan, ya faɗa tsundum cikin ruwa, ya nutse har gidan kadoji. Bai tsaya kame-kame ba, ya fashe da kuka, ya ce ai shi ɗan uwansu ne da ya ɓace tun yana ƙarami, shekara da shekaru yana cigiyarsu. Suka yi ta murna, suka sauke shi a ɗakin da suke ajiye ƙwai. Dare ya yi, ya hura wuta, ya dinga jefa ƙwai ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya fashe ya yi ƙara, sai ƴaƴan kada su ce baƙo ya yi tusa, iyaye su kwaɓe su, su ce ba a yi wa baƙo haka. Gizo daga ciki yana cewa a ƙyale su, ai jikokinsa ne. Ya cinye ya bar guda. Da safe da aka zo ƙirga, ya ce su tsaya daga waje shi zai riƙa miƙo musu, ya yi ta nuna ƙwan nan guda yana mayarwa yana sake ɗagowa har lissafi ya cika. Aka haɗa shi da masu fito su ƙetarar da shi. Suna tsakiyar ruwa asiri ya tonu, na gida suka yi ta ƙwala kira a dawo da baƙo. Masu fito suka ce me ake cewa? Gizo ya ce cewa ake ku yi sauri, ruwa na ƙaruwa. Suka sauke shi a gaɓa, ya kaɗe rigarsa.

To, me yaro ya samu a nan? Bai samu Gizon da ya tuba ba, don Gizo ba ya tuba. Abin da ya samu shi ne an zaunar da shi a wurin da yake ganin abin da kadoji ba su gani. Ya ga cewa ƙananan ne suka ji ƙarar gaskiya, manya suka rufe musu baki saboda kunyar baƙo. Ya ga yadda ake cika lissafi da ƙwai guda. Ya ga yadda magana ke fita daga bakin mai ita da ma'ana ɗaya, wani ya tare ta a hanya ya isar da ita da wata. Ni da na yi karatun jarida, sai da na zauna a aji aka yi mini dogon bayani a kan mai tsayawa tsakanin majiya da mai sauraro, alhali tun ina shekara shida na san shi, a cikin jirgin fito yake zaune yana cewa a yi sauri. Ba wanda ya taɓa tambayata darasin da ke ciki. Kakata in ta ƙare sai ta ce ƙurunƙus, ta ce kowa ya je ya yi fitsari ya kwanta.

Wanke hannu abu ne mai kyau, amai da gudawa na kashe yara a ƙasar nan, ba mai musun wannan. Da mutumin ya gama gatanarsa cikakkiya, sannan ya ce yara ku zo in nuna muku wani abu da ruwa da sabulu, da ba ni da ta cewa. Abin da ya dame ni shi ne an mayar da Gizo tana a bakin ƙugiya. Yaro ba wawa ba ne. In ka yi masa haka sau biyu, na uku ba labarin yake saurare ba, jira yake ya ga ta inda ƙugiyar za ta ɓullo. Na sha ganin wannan a fuskar yaran da suka saba da irin waɗannan baƙi: suna dariya a rabin farko, a rabin biyu su sa fuskar aji.

Laifi tudu ne. Ni ma na yi, kuma nawa ya fi nasa nisa, tunda shi gindin itace guda ya yi wa magana, ni kuwa har ƙauyukan da ban taɓa takawa ba ana kama mu. Akwai shekarar da wata ƙungiya ta ɗauki nauyin shirin yara da nake gabatarwa daren Asabar. Suka ce suna son saƙon sa ƴan mata a makaranta. Na ɗauko gatanar budurwar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo a jiki ba, har dodo ya rikiɗa ya zo mata a siffar saurayi sumul, ta bi shi daji. Na kai ta har bakin kogon dodo, sannan na sa ta gudo ta faɗa hannun wata malama, ta yi rajista, ta zama ungozoma. An yaba mini ƙwarai, an sabunta kwangila. Uwata ta saurara, ba ta ce komai ba sai washegari muna tankaɗe, ta ce, "Ke, jiya wa ya cinye miki dodon?"

Ya kamata a tuna cewa a ƙasar Hausa tatsuniya ba sana'a ba ce. Muna da masu cin abinci da baki tun fil azal: maroƙa, makaɗan fada, sanƙira, ƴan kama masu kwaikwayon malamai suna jan baƙi a kan tuwo da nama, ƴan gambara masu zagaya kasuwa. Amma gatana ta tsakar gida ce, ta dare, mafi yawa a bakin tsofaffin mata da ƴan mata, ba a ba kowa ko dala. Har tsoratar da mu ake yi kada mu yi ta da rana. Tawa kakar cewa take wanda ya yi zai ɓata a kasuwa. Abin da ya fara fitar da ita daga ɗaki takarda ce. Frank Edgar ya buga littattafai uku na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, daga abin da malamai suka rubuta da ajami. A 1913 ɗin Rattray ya fitar da nasa daga rubutun Malam Shaihu a ƙasar da yau ake kira Gana. A nan gida Bubu Hama ya tara tatsuniyoyi da hikayoyin Nijar da Faransanci. Ku lura, duk hannun maza ne. Yau ma da abin ya zama na hawa dandamali da karɓar ambulan, kusan duk waɗanda na gani da gurmi a kafaɗa maza ne. Mata sun yi rainon abu shekara aru-aru kyauta, da ya fara kawo kuɗi sai ya sake iyaye. Wannan magana ce ta wata rana, amma ban iya wuce ta ba.

Wanda ke son ya ga ba da labari a matsayin sana'a ta gado a ƙasar nan, sai ya dubi yamma, wurin jasare na Zabarmawa. Mu da muka tashi da Muryar Sahel a kunne mun san sunan Jado Seku da Kulba Baba da Jeliba Baje ko da ba mu jin Zabarmanci, mun san amon molo a ƙarƙashin muryarsu. Waɗannan karatu suke yi na shekaru, a bakin wutar dare da suke kira dudal, suna haddar asalin gidaje da labarin mayaƙa kamar yadda almajiri ke haddar allonsa. Labarin Askiya Muhammadu da Thomas Hale ya ɗauka daga bakin Nuhu Maliyo a Saga, a ƙarshen 1980 da farkon 1981, har littafi ya zama da ake karantawa a jami'o'in waje. Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Jasare ma yana da mai ba shi doki da riga, kuma ya san kakan wa zai ɗaga, na wa zai bi ta gefensa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Bambancin kawai shi ne mai ba jasare doki yana zaune a wurin, shi ma mai sauraro ne, in labari ya yi lami shi zai fara jin kunya. Mai biyan ɗan gatanar yau ba ya wurin. Yana ofis yana jiran rahoto da hoton yara sun ɗaga hannu.

Sabon mai gatana, wanda masu Faransanci ke kira kontar, ba daga zauren jasare ya fito ba, ba kuma daga ɗakin kaka ba. Yawancin waɗanda na sani ta wasan kwaikwayo suka biyo, wasu tsofaffin malaman makaranta ne. Suna da bukukuwansu: Yeleen a Bobo-Julaso ta Burkina Faso, wanda Hasan Kasi Kuyate ya assasa, da namu Gatan-Gatan da aka sani da Dogon Dutsi, wanda sunansa ma daga mabuɗin tatsuniyarmu aka ɗauko shi. Na kalli irin wasansu na dare a Yamai, a zaure mai kujeru. Akwai gwaninta, akwai kuma abin da ke sa ni mutsu-mutsu a kujera. An kashe fitila a kan ƴan kallo an haske mutum guda. Labarin da Faransanci yake, waƙoƙin ciki kawai aka bari da Hausa kamar ado a wuyan riga. Sai da aka koya wa mutane yadda za su amsa mabuɗin, suka amsa sau ɗaya cikin ladabi, ba a sake jin su ba sai tafi. Ban zargi kowa da neman harshen da zai kai shi Bobo ko Faransa ba, abinci ake nema. Sai dai tsamin bakin Gizo ba ya ƙetare wannan kogin. Abin da ke isa can wani ɗan dabara ne mai ban sha'awa, ba ƙazamin maƙaryacin nan mai haɗama da muke ƙi muke kuma so ba.

Duk da haka, in aka ce a hana su shiga makarantu ni ce zan fara kai ƙara. Wanda bai taɓa zama a ajin farko na lakwal ba ba zai gane ba. Yaro ya zo daga gida bakinsa cike da magana, ya iya kacici-kacici, ya iya zambo, ya iya ba da labarin faɗan da aka yi a rijiya da muryar kowa. A shigar da shi aji a ce daga yau da wani harshe za a yi, sai ya zama kurma na shekara biyu ko uku, yana maimaita abin da bai san kansa ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a garin nan, amma har na yi nawa karatun na gama yawancinmu ba mu ga irinta ba. A cikin wannan shirun, ranar da mai gatana ya zo ita ce ranar da yaro ke jin harshen uwarsa ya shigo harabar makaranta ta babbar ƙofa, malamai na tsaye suna saurare. Na ga yaron da aka ce mini bai taɓa ɗaga hannu a aji ba ya tashi ya maimaita labari tun daga farko, har da abin da ya ƙara na kansa. Wannan shi ne amfaninsu, kuma ya fi ƙarfin kowane saƙo da za a ba su su isar. Shi ya sa tsawar da aka yi wa yarinyar nan ta tsaya mini a rai. An kawo mutumin da aikinsa buɗe bakin yara ne, yarinya ta buɗe, aka rufe.

Wani zai ce ai tatsuniya da ma da darasinta, dubi ƴar Bora da ƴar Mowa. Haka ne, amma darasin a cikin ƙashin labarin yake, ba a wutsiya aka ɗaura shi ba. In ka cire ladabin ƴar Bora babu labarin gaba ɗaya. Wani kuma zai ce duk abin da aka yi don makaranta haka yake ƙarewa. Wannan ban yarda ba, kuma shaidata Magana Jari Ce. Aikin hukuma ne, don ƴan makaranta aka sa Abubakar Imam ya rubuta shi, ya fara fitowa a 1937, kanun labaransa da yawa karin magana ne. Me ya sa bai mutu ba? A ganina saboda akun da ke ba da labaran yana da abin da zai rasa. Sarki ya tafi yaƙi ya bar masa amanar Musa, Waziri na ƙulla makirci, in labarin daren nan bai riƙe yaron ba har gari ya waye, zai fita ya faɗa hannun maƙiya. Dole labari ya yi daɗi, don rai ne a kansa. Imam ya karɓi aikin koyarwa, amma bai yarda mai sauraro ya daina zama wanda ake lallashi ba.

Duk lokacin da aka yi wannan muhawara a tsakanin masu ilimin boko na wajenmu sai wani ya kawo fim ɗin Keita na Dani Kuyate, na 1995, inda mahaifinsa Sotigi Kuyate ya fito a matsayin tsohon maroƙin gado, Jeliba. Tsohon ya baro ƙauye ya sauka gidan su wani yaro Mabo a birni, ya ɗaura ragarsa ta kwanciya a tsakar gida, ya fara ba shi labarin asalin sunansa, wato labarin Sunjata. Yaro ya kamu, ya fara guje wa makaranta, uwa ta tayar da hankali, malami ya zo ya yi cacar baki da tsoho. Mutane na kawo fim ɗin don su ce ga gargajiya ga boko suna kokawa, kowa ya zaɓi gwaninsa. Ni ba wurin nan ne ya kama ni ba, har ma ina ganin an ɗan yi wa malamin rashin adalci, an ba shi baki mara kaifi don tsoho ya ji daɗin kayar da shi. Abin da ya kama ni biyu ne. Na farko, Mabo yana katse tsohon da tambaya, tsohon kuma yana amsawa ko ya ce masa ya yi haƙuri. Na biyu, tun labari bai ƙare ba yaron ya kwashe shi ya kai wa abokansa, ya zama shi ne mai bayarwa. A ƙarshe tsohon ya naɗe kayansa ya tafi bai kammala ba, ya bar yaron da yunwar sauran. Ban san wata ƙungiya da za ta biya kuɗin labarin da ba a ƙarasa ba, amma wannan yunwar ita ce abin da kowane malamin kirki ke fatan ya bar wa ɗalibinsa.

Akwai wadda ta yi tunanin wannan matsala tun kafin a haife ni, Efua Sutherland ta Gana. Da ta tashi ɗaukar labaran Ananse, wanda shi ne Gizonsu, ta kai su dandamali, ta lura cewa a gargajiyar mutanenta masu sauraro na da ikon tsayar da mai labari su shigo da waƙa ko ɗan wasa, abin da suke kira mboguo. Ba ta ɗauke shi a matsayin hayaniyar da za a share ba, sai ta gina shi a cikin wasan, kamar yadda yake a The Marriage of Anansewa na 1975. A ƙauyen Atwia har ɗakin ba da labari aka gina. Mu namu katsalandan ɗin ba shi da suna, amma yana nan: "ta zo mu ji ta" da ake amsawa izini ne, mai ba da izini kuwa yana da ikon ya ce ba haka take ba. Da za a tambaye ni ma'aunin da zan auna mai gatanar makaranta da shi, ba yawan muryoyin da ya iya zan duba ba. Zan duba abin da yake yi in yaro ya yi masa gardama.

Da aka watse ranar nan na same shi yana ɗaure gurminsa a bayan babur. Na gaishe shi, na yaba masa, sannan na ce, "Malam, yarinyar nan fa ta kama ka."

Ya yi dariya. "Ƙanwata, ai tun kafin ta yi magana na ga bakinta na motsi. Irinsu nake nema a taro."

"To me ya hana ka ba ta kadojinta?"

Ya laluba aljihu ya fito da wata takarda da ta sha ninki. "Minti ashirin aka ba ni, saƙo uku. Ga mai rubuta rahoto can zaune. In na shiga gidan kada ba zan fito ba sai azahar, kuma kin san abin da ke cikin ɗakin ƙwan nan. In ce tusa a gaban mai rahoto? Ina da makaranta huɗu a makon nan, daga nan sai bayan salla in Allah ya kai mu. Ƴaƴana shida." Ya mayar da takardar. "Ke a gidan rediyonku wa ke sayen man injin wuta?"

Ban amsa ba, don ya san amsar. Ya tayar da babur, sannan ya kashe, ya ce in ina so in zo gidansa da na'urata wani dare, zai yi mini ita yadda gwaggonsa ta yi masa, ba ko sisi. Na je bayan mako biyu. Ta ɗauki minti arba'in da ɗoriya, matarsa na gyara masa daga bakin murhu, ƴaƴansa da na maƙwabta na faɗa masa ya tsallake wuri kaza, shi kuma yana rantsuwa bai tsallake ba. Ban taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan ba, kuma har yau yana cikin kwamfutata, don ba ni da filin minti arba'in da ba mai shi.

Na makarantar shi na sa a iska ranar Asabar. Wajen tacewa abokin aikina ya kai hannu zai yanke muryar yarinyar, ya ce hayaniya ce. Na ce ya bar ta, ya yanke tsawar mushe kawai, kada mutum ya ji kansa a rediyo ya huce a kan yara. Daƙiƙa huɗu ce duka. Da muka buɗe layin waya, cikin waɗanda suka kira ba wanda ya yi zancen sabulu. Wani direba ya ce yarinyar ta fi mu gaskiya, amma ƙwan ɗari ne cif. Wani ya ce ɗari da ɗaya ne, shi ya sa guda ya rage. Wata ta ce a garinsu ba hankaki ba ne, ƴan tsuntsaye ne dai kawai. Saura minti biyu wata tsohuwa ta kira daga wani ƙauye ta wayar jikanta, ta ce dukanmu ba mu iya ba, ai bayan ya hau gaɓa ma akwai saura, don a nan ya tarar da zaki yana gasa kifi, mu yi shiru ta faɗa mana. Ta kai inda Gizo ya fara yi wa zaki kitso kuɗin wayar suka ƙare. Na yi ta kiran lambar bayan shiri, jikan ya ce ya baro gidan, sai ranar kasuwa zai koma.